Abin da Takarda Ta Nuna Mini Wanda Allon Kwamfuta Ya Ɓoye

Ranar da na je ganawar neman aiki ta farko a rayuwata, ba na ɗauke da komai sai waya da ƙaramar kwamfuta a cikin jaka, kuma ban ji ko ɗar ba, domin na sakankance cewa duk abin da mai ɗaukar aiki zai so ya gani yana nan a shafina na Behance, dandalin intanet da masu zane ke baje kolin ayyukansu. Na yi shekara huɗu ina karatun zane da tsara shafi, wanda aka fi sani da girafik dizain, kuma a shekararmu ta ƙarshe babu zancen da ya fi yawa a bakin ɗalibai kamar zancen kundin ayyuka, wato tarin zane-zanen da mutum zai gabatar domin a ga iyawarsa. A wannan sana'a takardar shaidar kammala karatu ba ta cika buɗe ƙofa ita kaɗai ba, abin da ake fara tambaya shi ne, “Ina aikinki?” A kan wannan ajinmu ya rabu gida biyu. Wasu sun sayi manyan jakunkuna baƙaƙe masu zif da ledoji a ciki, suna buga ayyukansu a takarda mai girman A3 suna jerawa, mu kuma muka ce zamanin ɗaukar kaya ya wuce. Muna da hujjarmu. Kamfanin Adobe, mai manhajojin Photoshop da Illustrator da InDesign waɗanda muke aiki da su kullum, ya sayi Behance tun a 2012, masu zane daga ko'ina a duniya suna zuba ayyukansu a can da kuma Dribbble, kuma mun ga yadda adireshin shafi guda ɗaya da aka tura ta imel yake isa inda ƙafar mutum ba za ta taɓa kai shi ba.

Ayyuka 42 na zuba a shafin, kusan duk abin da hannuna ya taɓa yi tun daga aji ɗaya, saboda a lokacin ina ganin yawan aiki shi ne shaidar ƙwazo. Akasarinsu na ɗora su a kan hotunan kwaikwayo da ake saukewa daga intanet, irin waɗanda mutum zai liƙa tambarin da ya zana a jikin gini ko mota ko riga har ya zama kamar an riga an buga shi an yi amfani da shi. A allo abin yana ɗaukar ido ƙwarai, abokan karatu suna ta yabawa, ni kuma na ɗauki yabon a matsayin hukunci.

Wurin da suka kira ni ƙaramin kamfani ne da ke tsara littattafai da mujallu da kwalayen kaya, kuma yana da maɗaba'arsa a bayan ofis, har ana jiyo ƙarar injin daga inda nake zaune. Wadda ta gana da ni shugabar sashen zane ce, mace mai shekaru kusan na mahaifiyata, marar yawan magana. Na buɗe kwamfuta na juya mata, ta riƙa jan shafin ƙasa da sauri fiye da yadda na zata, ayyukan da na kwana a kansu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya ba ta tsaya ba, har ta kai kan wata fosta da na zana domin ƙarfafa wa yara gwiwar karatu. Ita ce aikin da na fi alfahari da shi: bango shuɗi mai duhu, bishiya koriya shar wadda ganyayenta littattafai ne, da rubutu fari siriri a ƙasa. Ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta ɗago ta ce, “Wannan kin taɓa ganin ta a takarda?” Na ce, “A'a, ranki ya daɗe, amma fayil ɗin yana nan.” Ta ce in ba ta shi, ta miƙa wa wani yaro ya kai baya, muka ci gaba da magana a kan wasu abubuwa.

Da takardar ta dawo aka shimfiɗa ta a kan tebur, sai jikina ya yi sanyi. Koren nan da yake walƙiya a allo ya dushe ya koma kamar ganyen da ya kwana biyu da tsinkewa. Gefen bishiyar ya yi dishi-dishi, ana ganin ƙananan murabba'ai a jikinsa, domin na tsara hoton a kan ɗigo 72 a kowane inci alhali aikin ɗab'i yana bukatar kusan 300. Farin rubutun da na sa a kan duhu ya yi ƙanƙanta har tawada ta kusa cinye shi. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne babban taken fostar, wanda na rubuta da Hausa. Nau'in haruffan da na zaɓa ba shi da ƙ da ɗ masu lanƙwasa, sai Photoshop ya aro su daga wani nau'in daban ya cike gurbin ba tare da na lura ba. A ƙaramin allo bambancin bai fito ba, amma a takarda mai faɗin santimita 42 sai ga haruffan biyu sun tsaya sirara a tsakiyar kaurara, kamar baƙi a cikin dangi. Matar ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa yatsa a kan harafin ƙ, ta bar shi a wurin na ɗan lokaci, ta ce, “Idonki yana da kyau, amma ba ki gama aikin ba tukuna.”

A kan hanyata ta fita na bi ta maɗaba'ar domin in karɓi ragowar takardun gwaji, sai dattijon da ke kula da injin ya kira ni. Ya ce, “'Yata, ke ce mai bishiyar nan?” Na ce, “Ni ce, Baba.” Ya ɗauko wani ƙaramin gilashin ƙara girma ya ɗora a kan koren, ya ce in leƙa. Abin da na gani ɗigo-ɗigo ne na shuɗi mai haske da rawaya, da ɗan ja-ja da baƙi nan da can, babu koriyar tawada ko ɗaya a ciki, ido ne yake haɗa su daga nesa. Ya ce, “Ku da haske kuke zane, mu da tawada muke bugawa, kuma akwai launin da haske yake iya yi wanda tawada ba ta iyawa.” An koya mana wannan a aji, na ma rubuta shi a jarrabawa: allo yana haɗa launi daga haske uku, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB, injin ɗab'i kuma yana aiki da tawada huɗu da ake kira CMYK, kuma launukan da tawadar nan huɗu ke iya fitarwa ba su kai na allo yawa ba, musamman kore da shuɗi masu walƙiya. Amma gani ya kori ji. Ya kuma nuna mini cewa ban bar rarar milimita 3 a gefen zanen ba, wadda ake bari saboda wuƙar injin yanka ba ta sauka daidai kan layi a kowane lokaci, don haka da an yanka fostar da farin layi ya fito a bakinta. Ban samu aikin ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Na koma wajen wani malaminmu da ya koyar da mu tsara haruffa, na ba shi labarin duka. Bai ce mini komai a kan kwamfuta ko takarda ba, umarni kawai ya ba ni: in buga dukkan ayyukan nan 42 ƙanana a takarda ta yau da kullum in kawo masa. Muka shimfiɗa su a ƙasan ɗakin zane, muka tsaya a kansu, ya ce in ɗauke duk wanda ba zan iya yin maganar minti biyu a kansa ba, in faɗi wa aka yi wa shi, wace matsala ya warware, kuma me ya sa na zaɓi wannan launi da waɗannan haruffa. Na fara ɗauka ina jin zafi, domin kowanne akwai daren da na kwana a kansa. Wasu da na so in bari sai ya tambaye ni, “Wannan naki ne, ko kin bi darasin bidiyo ne mataki-mataki?” Sai in sunkuya in ɗauke. Da muka gama saura 12 a ƙasa. Na ce, “Malam, ba su yi kaɗan ba?” Ya ce mai duba kundi yakan auna mutum da aikinsa mafi rauni, domin shi ne yake nuna abin da mai zanen yake iya bari ya wuce.

Wata uku na yi ina sake gina waɗannan 12 daga tushe. Na mayar da tambura zuwa Illustrator domin su zama zanen layi da ba ya dushewa komai girman da aka ba shi, na sake tsara shafukan rubutu a InDesign, na juya launuka zuwa CMYK ina bugun gwaji ina gyarawa, wani aikin sau huɗu kafin ya zauna. Na koyi taɓa takarda da yatsa in gane nauyinta, cewa ta ofis mai giram 80 a kowace murabba'in mita tana nuna abin da ke bayanta kuma tana lanƙwashewa idan tawada ta yi yawa, mai giram 170 ta fi dacewa da shafin kundi, mai giram 300 zuwa sama kuma ta katin kasuwanci ce da bango. Na ga yadda launi ɗaya yake fitowa daban a takarda mai sheƙi da marar sheƙi, na kuma fahimci dalilin da ya sa aka ƙirƙiro tsarin Pantone tun a 1963, domin mai zane da mai ɗab'i su kira launi da lamba ɗaya kada kowa ya dogara da abin da idonsa ya gaya masa. Kwalin sabulu da na taɓa nunawa a hoton kwaikwayo na buga shi a kati na yanka na naɗe da hannuna, sai na tarar murfinsa ba ya rufuwa, domin ban yi lissafin kaurin katin ba. Wannan kuskure zai iya zama a shafin intanet shekara goma ba wanda ya gano shi.

Ganawar da na yi bayan haka ta bambanta da ta farko ta wata fuska da ban yi tsammani ba. Idan aiki yana allo, mai duba shi ne ke riƙe da linzamin kwamfuta, yana wucewa yadda ya ga dama. Idan kuwa kundi ne a kan tebur, shafi ɗaya ake gani a lokaci ɗaya, ni nake buɗewa, ni nake san inda zan dakata in yi bayani. Mutanen biyu da suka gana da ni sun ɗauki kwalin sabulun suna juyawa, suka buɗe suka rufe, ɗayansu ya ɗaga ƙaramin littafin da na ɗinke da zare ya duba tsakiyarsa ya ga rubutu bai nutse a cikin ɗinkin ba. Sun fi daɗewa a kan zanen fensir da na sa a gefen kowane tambari, inda ake ganin siffofi takwas ko goma da na gwada na watsar kafin in kai ga na ƙarshe. Suka ba ni aikin wucin gadi na wata shida.

A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko tsada a gare ni. Saboda takarda ta fitar da ni kunya, sai na juya wa intanet baya gaba ɗaya. Na bar tsohon shafina yadda yake da ayyukansa 42 da kurakuransu, ban sabunta ba, ban kuma goge ba, na riƙa ɗaukar baƙar jakata duk inda za ni. Sai ga shekarar 2020 ta zo da annobar korona, ofisoshi suka rufe, aikina na wucin gadi ya ƙare ba a sabunta ba, ganawar neman aiki ta koma Zoom, jakar da na yi wata uku ina haɗawa ta koma jingine a bango. Na ga sanarwar wani aiki da ya dace da ni sosai, suna neman a turo kundi a fayil ɗin PDF ko adireshin shafi kafin wata rana da suka ƙayyade. Na tsaya har daren ƙarshe, na haɗa fayilolin ɗab'i yadda suke da nauyinsu, abin ya haura megabait 60, Gmail kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 a maƙale da saƙo. Na ɗora shi a Google Drive na tura adireshin, ban lura cewa ban buɗe izinin shiga ba. Bayan kwana biyu na ga saƙon neman izini daga wurinsu, na buɗe da sauri na ba da haƙuri, amma ba su sake waiwayata ba. Abin da ya fi damuna shi ne tunanin cewa idan sun nemi sunana a intanet, tsohuwar fostar nan mai baƙin haruffa za su fara gani.

Na kira malamina ina kuka da halin da na shiga, sai ya ba ni nasa labarin. Shafin da ya gina wa ayyukansa shekaru da yawa da suka wuce da manhajar Flash ta kamfanin Adobe ya gina shi, kamar yadda masu zane da yawa suka yi a wancan zamani, kuma Adobe ya sanar cewa zai daina tallafa wa Flash a ranar 31 ga Disamba 2020, don haka shafin nasa yana dab da zama kango. Abin da ya cece shi shi ne ya adana ainihin fayilolinsa da kuma kwafin abin da aka buga. Daga wannan hira na daina ganin ɗayan biyun a matsayin mai dawwama. Takarda tana jiƙewa, tana yagewa, launinta yana koɗewa, kuma kwafi ɗaya ne a hannun mutum ɗaya. Shafin intanet kuma a gidan wani yake zaune, mai gidan yana iya sauya doka ko ya rufe ƙofa.

Zaman gida na waccan shekara na yi amfani da shi na sake gini, wannan karon daga zaɓi guda ɗaya zuwa siffofi daban-daban. Na goge tsofaffin ayyukan daga Behance na bar waɗanda zan iya karewa. Na haɗa PDF mai shafi 15 a kwance, domin allo a kwance yake, na mayar da launukansa RGB, na rage nauyin hotuna har ya sauko ƙasa da megabait 10, na sa cikakken sunana a sunan fayil ɗin domin kada ya ɓace a cikin ɗaruruwan da aka sa wa suna iri ɗaya. Kwalin sabulun da littafin da na ɗinke na ɗauki hotonsu na gaske a kusa da taga da hasken safiya, na jefar da hotunan kwaikwayo. A ƙarƙashin kowane aiki na rubuta layi uku ko huɗu, irin bayanin da nake yi da baki idan ina buɗe jaka, tunda a intanet ba na nan balle in yi magana. Kafin in tura wa kowa sai na buɗe a wayar wani in ga ko rubutun yana karantuwa, in kuma tabbatar adireshin yana buɗewa ga wanda bai shiga asusuna ba. A lokacin ne kuma na koyi Figma, wadda ake tsara fuskar manhajoji da ita, da zane mai motsi, na ga wani ɓangare na sana'ar da takarda ba ta da abin cewa a kansa, domin tambarin da yake motsi na daƙiƙa biyar ko manhajar da ake dannawa ta amsa ba su da yadda za a sa su a leda. Da wannan PDF ɗin aka kira ni ganawa ta bidiyo, kuma a tsakiyar hirar na ɗago kwalin sabulun gaban kyamara na buɗe shi na rufe. A wurin nake aiki har yau.

Yanzu ni ma ina cikin masu duba kundin ɗalibai idan sun zo neman gurbin koyon aiki, kuma na fahimci saurin da matar nan ta yi da shafina, domin idan saƙonni suka taru ba a iya ba kowanne fiye da ɗan lokaci kaɗan a zagayen farko. Ra'ayina a kan batun ba rabin-da-rabi ba ne. Kundin intanet wajibi ne ga kowa, ba tare da shi ba ba za a ma san da mutum ba balle a kira shi. Ɗaukar kundin takarda zuwa ganawa kuwa ya danganta da aikin: mai neman tsara littattafai ko kwalaye ko tambarin kamfani yana cutar kansa idan ya zo hannu rabbana, mai neman zanen manhaja ba ya bukatar babbar jaka, ƙaramin kati mai lambar QR da ke kai mutum shafinsa ya wadatar. Amma bugawa domin gwaji ba na ɗauke wa kowa, ko da ba zai taɓa nuna wa wani takardar ba, saboda a nan ne tazarar haruffa da ƙanƙantar rubutu da raunin launi suke fitowa fili. Ina kuma ƙara neman zanen fensir fiye da dā, tunda yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna fitar da hoto mai ƙyalli cikin daƙiƙoƙi, kuma abin da nake son gani shi ne hanyar da mutum ya bi da tunaninsa. Wanda ya sa aikin rukuni ya faɗi ɓangaren da ya yi da hannunsa, wanda ya sa aikin da ya yi wa wani ya tabbatar mai aikin ya yarda a nuna.

Kwanakin baya wata ɗaliba ta zo da wayarta kaɗai, ta nuna mini bangon littafi da ta zana, mai kyau ƙwarai, ja mai haske da rubutu siriri a kansa. Ta ce, “Anti, kowa ya ce shi ne ya fi kyau a ajinmu.” Na ce ta turo mini fayil ɗin, na aika da shi na'urar bugawa, na jawo mata kujera kusa da tawa. Da takardar ta fito na shimfiɗa ta a gabanmu, na buɗe aljihun tebur na ɗauko gilashin ƙara girma, na kuma ɗauko tsohuwar fostata mai bishiya, wadda har yanzu take ninke a bayan baƙar jakata, na ajiye ta kusa da nata aikin, na ce ta fara duba taken tawa ta gaya mini abin da ta gani.